Akawu da Kwamfutar da Ta Koma Baya

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara ta ba ni, kuma tun da na yi wayo nake ganinta da biro a hannu. A gida Yaya muke ce mata. A layinmu kuwa ba wanda ya san ta da wani suna sai Akawu, sunan da mijinta ya laƙaba mata don tsokana, ya bi ta har shago ya zauna daram. Ni tela ce. Shago ɗaya muka raba gida biyu da labule: keken ɗinkina a dama, teburinta a hagu, inda take buga wa mutane takardun neman aiki da wasiƙu. A bakin ƙofa, ƙarƙashin rumfar kwano, nan mijinta yake da ɗan teburinsa na gilashi. Gyaran agogo ne sana'arsa, shi ya sa kowa Mai Agogo yake ce masa, har 'ya'yansa idan ba ya kusa.

Shekara ashirin da shida Yaya ta yi tana buga tafireta a ofis, ta fito da halaye uku da ko likita ba zai raba ta da su ba. Ba ta fara takarda sai ta duba kalandar bango ta buga kwanan wata da hannunta. Ba ta yarda da rubutu sai ta ga shi a takarda, ta bi shi layi-layi da rula tun daga sama. Kuma in an tashi aiki, sai ta zare duk wata waya daga bango, ta rufe kowace na'ura da ƙyalle. Har kekena take rufewa, keken da ƙafa ke tuƙawa! Na yi magana har na gaji, ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Da kwamfuta ta shigo ofishinsu, abokan aikinta suka tsorata, wasu har suka nemi a sauya musu wuri. Ita kuwa ta ja kujera ta ce ai wannan tafireta ce mai talabijin. Ranar da ta ajiye aiki, ofis na shirin zubar da wata tsohuwar kwamfuta, fara ce amma ta koma ruwan ƙasa, in ta tashi sai ka ce ana niƙa a ciki. Yaya ta roƙa aka ba ta. Wani abokin aikinta ya zuba mata irin tsarin nan na kyauta, wanda ba mallakar kowa ba ne, mutane ne a ko'ina cikin duniya suke rubuta shi su sake wa mai so. Ya haɗa mata da faya-fayai guda shida a cikin leda, ya ce duk manhajar da take nema ta duba ciki.

Wata rana ta sayi firinta, aka duba faya-fayan nan kaf babu manhajar da ta san ta. A nan ne na fara ganin Yaya ta buɗe wata baƙar taga a kan allo, babu hoto ko ɗaya, tana buga umarni, rubutu yana ta gudu sama. Na ce, "Yaya, kin lalata ta ke nan?"

Ta ce, "Ke dai kin cika surutu. Manhaja iri biyu ce. Akwai ɗinkakkiya, ki ɗauka ki sa. Akwai kuma yadi, wato ɗanyen rubutun da masu ita suka rubuta, sai ki kawo ki ɗinka a kan injinki daidai jikinsa. Tawa tsohuwa ce, ɗinkakkun yanzu ba sa shigarta."

"To ya ake ɗinkin?"

"Umarni uku ne. Na farko awo, ya duba me injin ke da shi, me ya rasa. Na biyu ɗinki. Na uku ki sa mata a jiki."

Wannan kam na gane. Kwana huɗu ta yi a kan firintar nan, rana ta biyar ta fito da takarda. Daga nan abin ya zame mata jiki. Duk abin da ta rasa, sai ta je shagon intanet da ke bakin titi, ta kwaso ɗanyen rubutu a filashi, ta dawo ta ɗinka. Kwamfutarta ba ta taɓa shiga intanet ba, ta ce ba ta son a shigo mata gida ba sallama.

Haka muke zaune lafiya har idon Mai Agogo ya fara ba shi matsala. Mutum ne mai barkwanci, ba ka wucewa ta gaban teburinsa bai tsokane ka ba. Ni kam kullum sai ya ce ɗinkina ya fi agogon da ya faɗa ruwa latti. Sai muka ga ya rage magana. Yana sa gilashinsa na ido ɗaya, ya cire, ya goge, ya mayar. Wata rana ɗan ƙaramin sukuru ya faɗo masa a kan teburi, a gabansa, yana ta lalube, ni daga kan keke ina hango shi. Wallahi sai da na juya baya don kada ya ga fuskata.

Likita ya ce tsakiyar ganinsa ne yake dushewa, tabarau ba zai dawo da shi ba. Abu babba mai haske zai riƙa gani, ƙanana kuwa sai haƙuri. To me ya fi cikin agogo ƙanƙanta?

Ya kira masu agogo ɗaya bayan ɗaya ya mayar musu da kayansu. Kowa ya karɓa sai mutum ɗaya, wani tsohon direban jirgin ƙasa, dogo, mai taurin kai. Nasa agogon aljihu ne mai murfi, irin wanda ake murzawa da hannu, ba na batir ba, wanda aka ba shi ranar da ya fara tuƙi. Ya ce, "Shekara talatin ba wanda ya taɓa buɗe shi sai kai. Ka riƙe." Wata uku agogon yana cikin aljihun tebur. Sai Direba ya zo wata Asabar ya ce 'yarsa ta matsa ya koma wajenta, gari mai nisa, Asabar ta sama za su tafi. Zai biyo da safe ya karɓi abinsa, ko yana tafiya ko ba ya tafiya.

Da ya wuce, Mai Agogo ya ɗauko ƙyallen da yake naɗe kayan aikinsa, ya jera hantsaki da 'yan sukudirebobinsa, ya naɗe, ya ɗaure. Ya ce, "Akawu, ranar da agogon nan ya bar hannuna a tsaye, na gama. A ba wa mai so teburin." Babban ɗansu dama ya daɗe yana cewa Baba ya huta haka nan, har ya yi magana da wani mai sayar da tabarau da zai karɓi wurin. Ba mugunta ba ce, tausayi ne. Amma ni na san mutumin nan, in aka raba shi da teburin, an gama da shi.

Litinin da safe Yaya ta fita, ta dawo da wani abu kamar ƙaramar cocilan mai igiya. Kyamara ce, irin wadda masu gyaran waya suke leƙa cikin waya da ita, a wurinsu ta gani. Ta ce in aka haɗa ta da kwamfuta, cikin agogo zai fito a allo ƙato. Ta jona, ta buɗe manhajar kallon bidiyo da ke cikin faya-fayanta. Allo baƙi ƙirin. Manhajar ta tsufa, ba ta san wannan kyamarar ba. Sabuwar kuma, ɗinkakkiyar, ta ƙi shiga injin sam.

Babban ɗan nasu ya zo ya tsaya a kanta. "Umma, wannan akwatin ya girmi autarmu fa. Ki bar wahalar da kanki, ki bar sa wa Baba rai."

Ta ce, "Na ji. Matsa min daga haske."

Ta tafi shagon intanet ta kwaso yadin. Ta yi awo, awo ya ce akwai abin da ya rasa. Ashe manhaja ma dangi gare ta, ba ta tafiya ita kaɗai: wannan tana neman wata mai buɗe hoto, waccan tana neman wata mai magana da kyamara. Wasu ta same su a faya-fayanta, wasu sai ta koma bakin titi. Ranar Talata sau biyar ta yi sawun nan, mace mai ciwon gwiwa, a cikin rana. Kowace ta samo sai ta rubuta sunanta a littafi ta ja layi. Na ce ta ba ni filashin in je mata, ta ce in na je zan kwaso mata salon ɗinki.

Laraba da hantsi awo ya wuce lami lafiya. Ta buga umarnin ɗinki, rubutu ya fara gudu, injin ya ɗauki gurnani. Ta jingina da kujera ta ce, "Yanzu sai jira. A tsohuwar nan zai ci wuni." Har shayi ta sa na dafa mana. Muka wuni yana gudu. Da lokacin tashi ya yi bai gama ba, ta yi ta kallon soket tana kallon allo, ƙarshe halin ofis ya ci ƙarfinta: ta tsayar, ta kashe, ta zare waya, ta rufe da ƙyalle. Ta ce gobe zai ɗora daga inda ya tsaya.

Alhamis ma haka aka wuni. Wajen la'asar na ga ta matso da fuska kusa da allo. Ta ce, "Zo ki gani. Wannan layin na gan shi ɗazu." Muka zuba ido. Ashe abin zagaye yake yi. Ya yi awo, ya ɗauko ɗinki, kafin ya sa allura sai ya ce awon ya tsufa, ya koma ya sake. Kwana biyu cur yana awo, ko ɗinki ɗaya bai yi ba!

Na ce, "Lallai wannan telan ya fi ni iya cin amana."

Ba ta yi dariya ba. Ban taɓa ganin Yaya ta karaya irin na ranar ba. Ta leƙa waje, Mai Agogo yana zaune a bakin teburinsa ya yi tagumi, kayan aiki a naɗe a gabansa. Saura kwana ɗaya. Raina ya ɓaci, na fara zagin kwamfutar da wanda ya ƙera ta da wanda ya ba ta ita. Yaya ta ce in rufe mata baki.

Juma'a da sassafe ta yi abin da ta fi iyawa. Ta sa injin ya tara duk rubutun da yake zubarwa a fayil ɗaya, ta aika wa firinta. Shafi goma sha tara. Ta share teburin yankana ba ko neman izini, ta baje takardu, ta ɗauko rula da jan biro, ta fara daga layin farko. Na ce ai matsalar a ƙarshe take, ta duba ƙasa mana. Ta ce kuskuren ƙasa ɗan kuskuren sama ne, ita ba ta taɓa gyara takarda daga gindi ba. Tana karantawa a fili, tana juya mana Turancin, ni da Mai Agogo da ya jawo kujera bakin labule.

A shafi na huɗu ta tsaya. "Ikon Allah. Wai wannan fayil ɗin an taɓa shi a nan gaba."

Na ce, "A nan gaba kamar yaya?"

"Haka ya rubuta. Ya ma faɗi yawan daƙiƙoƙin." Ta ja takarda ta yi lissafi. "Shekara goma sha bakwai masu zuwa. Wai fayil ɗin da na kwaso a makon nan, sai nan da shekara goma sha bakwai za a rubuta shi."

Sai muka ji dariya daga bakin labule, dariyar da muka yi wata uku ba mu ji ba. Mai Agogo ya ce, "Akawu, Akawu! In mutum ya zo min ya ce duk garin nan kowa sammako yake yi, ba na zuwa in gyara garin. Agogon hannunsa nake karɓa. Ba fayil ne ya yi gaba ba, injinki ne yake baya. Tambaye shi yau wace rana."

Ta buga. Injin ya amsa da ɗaya ga watan ɗaya, shekarar da aka ƙera shi.

Yaya ta dafe kai. Shekara da shekaru ba ta taɓa duba agogon kwamfutar ba. Me za ta yi da shi, ga kalanda a bango, ga agogo takwas a bakin ƙofa, kwanan wata kuma da yatsunta take bugawa? Ta bayyana mana: shi ɗinkin da lokaci yake aiki. Yana duba wanne ya riga wanne, yadin ko awon. In ya ga yadi ya fi awo sabunta, sai ya ce an canza yadi, a sake awo. To duk awon da injin ya yi, tsohuwar shekara yake buga masa, yadin kuma na bana ne. Ko shekara zai yi yana zagayen nan ba zai fita ba.

Mai Agogo ya ce, "Akwai ɗan batir a cikinsa, shi ke riƙe lokaci in an ɗauke wuta. Ya mutu tuntuni. Ke kuma kullum sai kin zare waya kin lulluɓe shi kamar jariri, ko kin saita yau, gobe ya manta." Ya miƙe. "Ƙanwata, buɗe min aljihun tebur na biyu, akwai wata kwalbar magani, kawo ta."

Muka kwantar da akwatin muka cire murfi. Ƙura kam ba a magana, ƙyallen Yaya bai hana komai ba, kuma sai da na faɗa mata. Ta ce za ta haska masa, ya ce ta bari. Ya sa hannu ciki, fuskarsa na kallon rufi, yatsunsa suna bin allon a hankali. Ya ce, "Ga shi nan." Ƙas, ya ɓalle tsohon da farce. Ya zazzage baturan da ke cikin kwalbar a tafin hannu, ya shafa, ya zaɓi ɗaya mai faɗinsa, ya danna. Ko minti ɗaya bai yi ba. Ya ce batir dubu nawa ya canza a rayuwarsa, wannan ba aikin ido ba ne.

"Ƙarfe nawa, Malam?" in ji Yaya, yatsunta a kan madannai.

Ya kai agogon hannunsa kusa da kunne don tsokana, sannan ya miƙa min na karanta. Tara da minti goma sha biyu. Ta saita rana da wata da shekara, ta goge duk tarkacen kwana biyun nan, ta sake kwance yadin, ta yi awo, ta buga ɗinki. Wannan karon rubutun daban ne, sunayen fayiloli ne suke wucewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai dawowa. Ranar ban ɗinka ko maɓalli ba. Wata mata ta zo karɓar rigarta na ce ta dawo jibi, ta yi ta faɗa, na ce ta je ta kai ƙara.

Ƙarfe biyu da rabi gurnanin ya lafa. Rubutu ya tsaya, babu kalmar kuskure ko ɗaya. Yaya ta buga umarni na uku, ta jona kyamarar, ta buɗe manhajar. Allo ya yi fari, sannan ga wasu manyan igiyoyi a saƙe. Na ce mene ne wannan? Ashe zaren ƙyallen teburi ne. Na yi ihu har mai shagon kusa ya leƙo.

Mai Agogo ya zauna a kujerar Yaya. Da kansa ya kwance ƙullin kayan aikinsa. Ya buɗe bayan agogon Direba ya tura ƙarƙashin kyamara, Yaya tana murza ta har hoto ya fito tas. Haƙoran cikin agogon da ba su kai ƙwayar yashi ba suka cika allo. Ya matso, ya karkata kai yadda likita ya koya masa, ya daɗe yana kallo.

"Ga ɗan banzan nan," ya ce a hankali. "Siririyar wayar ce ta hau kan 'yar'uwarta. Wata uku, abin da bai fi numfashi ɗaya ba."

Hannun ne ya ba shi wuya da farko, don ido na allo, hannu na teburi. Sau uku hantsakin yana wucewa gefe. Ɗansu ya shigo ana cikin haka, ya buɗe baki zai yi magana, Yaya ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya tsaya a bakin labule kamar an dasa shi. A karo na huɗu bakin hantsaki ya kama wayar, ya ɗaga ta, ya sake. Wata ƙaramar ƙafa mai kai da komowa a cikin agogon ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa, sannan ta kama gudu. A allo girmanta ya kai faranti. Shagon ya yi tsit har muna jin ƙas-ƙas ɗinta. Ɗan ne ya fara share ido, ya fita waje, muka ji yana waya yana ce wa mai tabarau ya nemi wani wurin.

Asabar da safe Direba ya zo da jakarsa a hannu. Mai Agogo ya miƙa masa agogonsa. Tsohon ya buɗe murfi, ya kai kunne, ya dubi agogunan bakin ƙofa, ya ce, "Na gaya maka ai." Ya sa a aljihu ya tafi, ko mamaki bai yi ba, abin da ya ba ni haushi ke nan har yau.

Da ya wuce, Yaya ta shiga tattara takardunta goma sha tara. Mai Agogo yana zaune gaban allo, yana juya kyamarar a hannu. Ya ce, "Akawu, abin nan yana ganin nesa kaɗan?"

"In an murza shi."

"To murza. Ki tsaya nan."

Ta murza, ta tsaya, ya ɗaga kyamarar ya saita ta. Fuskar Yaya ta cika allon, da tabaranta, da ɗan tabon da ke haɓarta tun muna yara. Shekara biyu rabonsa da ganin fuskar nan sosai. Ya yi ta kallo, ita kuma ta rasa inda za ta sa idonta, mace mai jikoki tana jin kunya kamar yarinya.

Ya ce, "Ashe kin yi furfura haka ba ki gaya min ba."

Ta ce, "Kai ka sa min ita."

Ni dai na ja labule na koma kan kekena, na yi ta taka shi babu zare a allura. Yanzu teburin gilashin ya dawo ciki kusa da nata, suna raba allo: safe nasa, yamma nata, kullum suna faɗa a kan wanda ya ci lokacin wani. Har gobe in an tashi sai ta zare waya ta rufe da ƙyalle, shi kuma da safe sai ya sa ta tambayi injin kwanan wata kafin ya zauna.